Ciwon hanta C ba iri ɗaya bane, kuma iri biyu kan haɗu a hanta ɗaya

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutanenmu nan Makka da Jidda idan tahlili, wato gwajin jini, ya nuna mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C, wanda Misrawa ke kira fairus si. Sai kaji mutum yace ai ni na riga na kamu, me kuma reza ko ƙaho zasu ƙara min. Wani kuma ya sha magani wata uku likita yace masa ka warke, shikenan sai ya ɗauka jikinsa ya san cutar kamar ƙyanda, anyi sau ɗaya an gama. Duka biyun kuskure ne kuma daga wuri ɗaya suka taso, wato yadda muke ɗauka cewa wannan ƙwayar cuta kamarta ɗaya a jikin kowa. Ba haka take ba. Wadda ke jikin Bamisire daban, ta jikin ɗan Pakistan daban, wadda Bahaushe ya taho da ita daga Kano ko Maraɗi ko Damagaram tana iya zama daban, kuma biyu daga cikinsu suna iya haɗuwa su zauna a hantar mutum ɗaya.

Tun shekarun 1970 likitoci suka lura ana samun masu ciwon hanta bayan an ƙara musu jini, a gwada ba A bace kuma ba B bace, haka aka yi ta kiranta ba A ba B ba saboda ba wanda ya ga ƙwayar. Sai a 1989 aka kamo ta, kuma a 2020 aka ba Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice kyautar Nobel saboda wannan aikin. Hukumar lafiya ta duniya tace mutum kusan miliyan 50 ke ɗauke da ita, duk shekara ana samun sabbin kamu wajen miliyan 1, kuma a 2022 ta kashe mutum kimanin 242,000, yawanci ta hanyar ƙandarewar hanta ko kansar hanta.

Ita ƙwayar ba wata abu bace mai girma, zare ne guda ɗaya na RNA, wato rubutun halittarta, mai ɗauke da haruffa kusan 9,600, a naɗe cikin riga. Idan ta shiga ƙwayoyin hanta aikinta kawai ta kwafi kanta, kuma a jikin mutum ɗaya tana iya fitar da 'ya'ya wajen tiriliyan 1 a rana guda. Sinadarin da ke yi mata wannan kwafi, wanda ake kira NS5B, baya waiwaye ya duba abin da ya rubuta balle ya gyara. Ka ɗauka tela ne da aka ba riga ɗaya akace yayi ta ɗinka irinta, amma maimakon ya riƙa komawa ga awon farko sai kowace sabuwar riga ya aunata da wadda ya gama ɗazu, nan hannu ya ƙaru da ɗan kaɗan can wuya ya matse, kafin ya kai ta dubu ka rantse ba daga waccan rigar aka faro ba. Mu jikinmu idan yana kwafar nasa halittun yana da masu bi suna gyara kuskure, ita kuwa babu, kuma wannan rashin gyaran shine ƙarfinta. Yawancin waɗanda suka fito da kuskure lalacewa suke yi, amma a cikin tiriliyan ai ko kaɗan suka tsira sun isa.

Saboda haka ko mutumin da iri ɗaya tak ya kama, in aka leƙa jininsa da kyau ba abu guda za a gani ba, taro ne na 'yan uwan juna masu ɗan bambanci. A jikin rigar ƙwayar akwai wani sashe da ake kira E2, a bakinsa akwai ɗan guntu da yafi ko'ina saurin canzawa, kuma nan ne garkuwar jiki take fara kaiwa hari. Kafin jiki ya gama shirya makamin da zai kama wannan siffar, waɗanda suka canza kama sun riga sun yawaita. Mutum 3 cikin 10 jikinsu kan yi nasara ya kore ta da kansa cikin wata 6 na farko, sauran 7 kuwa tana zama, shekara da shekaru shiru ba zazzaɓi ba shawara a ido, mutum yana cin kabsarsa yana fita aiki, har cikin shekara 20 kashi 15 zuwa 30 na waɗannan hantarsu ta ƙandare.

To wannan canzawar da aka ɗauki ɗaruruwan shekaru ana yi a wurare daban daban ita ta raba ƙwayar zuwa manyan dangogi. A takardar tahlili za kaga an rubuta jinotayif, kada ka haɗa shi da AA da AS da SS da ake gwadawa kafin aure, wancan na jininka ne wannan na ƙwayar cutar ne. Yanzu dangi 8 aka sani, ana basu lamba 1 zuwa 8, kowane dangi kuma yana da rassa da ake sa wa harafi, 1a, 1b, 3a, 4a, 4d da sauransu, rassan sun haura 90. Tsakanin dangi da dangi bambancin haruffan halitta ya kai kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, tsakanin rassan dangi ɗaya kuma kashi 15 zuwa sama. Wannan ba ƙaramin bambanci bane ga abin da ake kira da suna ɗaya.

Dangi na 1 shi yafi yawa a duniya, kusan rabin masu cutar, shi ke Amurka da Turai da Japan. Na 3 ke biye, shi ya cika Pakistan da Indiya da kuma masu allurar ƙwaya a ƙasashe da yawa, kuma shi mugu ne ta wani ɓangaren don yafi tara kitse a hanta, yafi saurin ƙandarar da ita. Na 4 na Misra ne da Sudan da nan yankin Larabawa da tsakiyar Afirka. Na 5 Afirka ta Kudu, na 6 su Biyetnam da Tailan da kudancin Sin. Na 7 a jikin wani ɗan Kwango aka fara ganinsa a Kanada, na 8 kuwa sai 2018 aka bayyana shi, a jikin mutum huɗu 'yan asalin Fanjab ta Indiya da suma suke zaune a Kanada. Mu kuwa Afirka ta Yamma dangi na 1 da na 2 ne namu, amma ba irin na Turawa ba da reshe biyu ko uku ya mamaye kowa, mu rassa ne barkatai wasu ko harafi ba a basu ba tukuna, wanda hakan ke nuna cutar ta daɗe ƙwarai a wajenmu. Har masana sun bi sawun dangi na 2 daga Afirka ta Yamma zuwa tsibiran Karibiyan ta hanyar jiragen bayi.

Labarin Misra shi yafi nuna yadda reshe ɗaya ke mamaye ƙasa. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnati tayi gangamin yaƙi da tsargiya a ƙauyukan bakin Nilu, a lokacin maganin allura ne ta jijiya da ake kira tartar, kowa sai an yi masa fiye da goma, a jera mutanen ƙauye layi guda da sirinjin gilas da ba a samun lokacin dafa shi yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. An je maganin fitsarin jini aka raba wa miliyoyi ciwon hanta, kuma da yake daga tushe kaɗan abin ya bazu sai ya zama sama da kashi 90 na masu cutar a Misra dangi na 4 ne, mafi yawa 4a. Binciken ƙasa na 2008 ya samu kashi 14.7 na masu shekara 15 zuwa 59 da alamar cutar a jininsu, babu ƙasar da ta kai haka. Amma a yaba musu, a Oktoban 2018 suka fara gangamin miliyan ɗari lafiya, suka gwada mutum kusan miliyan 50 cikin 'yan watanni suka ba waɗanda aka samu magani kyauta, har a Oktoban 2023 hukumar lafiya ta duniya ta basu matakin zinare a hanyar kawar da cutar, sune ƙasa ta farko da ta samu. Irin wannan yaɗuwar ta allura ta faru a Kamaru ma zamanin Turawan mulki lokacin gangamin allurar ciwon barci da tunjere.

Nan Saudiyya dangi na 4 ne a gaba sai na 1 ke bi masa. Amma wannan lissafin 'yan ƙasa ne galibi. Ka tsaya a Shari Mansur ko Misfala ko Karantina ta Jidda da yamma ka ƙirga ƙasashen da zasu wuce ta gabanka, Bangali da ɗan Pakistan da Bamisire da ɗan Sudan da ɗan Barma da Bayamale da mu, kowa ya taho da tarihin jininsa. A hajjin 2023 mutum sama da miliyan 1.8 suka tsaya Arfa, ban da masu umra da basa yankewa duk shekara. Ni a ganina in akwai garin da ya kamata a ɗauki maganar haɗuwar dangi biyu da muhimmanci to Makka ce, don abin da teku da sahara suka raba a wasu wuraren, nan layin wanzami ɗaya yake haɗawa.

Haɗuwar tana zuwa ta fuska fiye da ɗaya kuma yana da kyau a bambance. Akwai wanda a karo ɗaya iri biyu suka shige shi, misali jinin da aka ƙara masa dama can yana ɗauke da biyu. Akwai wanda yana da ɗaya shekara da shekaru sai wata ta zo ta same ta a ciki. Akwai kuma wanda ya rabu da ta farko gaba ɗaya, ko da magani ko jikinsa ya kore ta, daga baya ya sake kamuwa da sabuwa, kuma ba dole sai wani dangi ba, ko irin waccan ta farko tana iya dawowa. Garkuwar da jiki ya haɗa a karon farko bata isa ta tare ba, tana iya rage ƙarfin ta biyun a wasu mutanen amma ba ƙofa bace a rufe.

A cikin talakawan masu cutar haɗuwar iri biyu ba ta da yawa, 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari. Inda take yawa shine wajen waɗanda jininsu ke yawan haɗuwa da na wasu. Masu ciwon rashin daskarewar jini da aka riƙa ba sinadarin da aka tace daga jinin dubban mutane kafin tsakiyar shekarun 1980, lokacin ba a fara dafa shi ba, kusan dukkansu suka kamu kuma da yawa ba da iri ɗaya ba. Masu allurar ƙwaya da ke karɓa karɓa da sirinji ɗaya. Masu wankin ƙoda, wanda a shekarun 1990 bincike ya samu fiye da rabin masu yinsa a nan ƙasar da alamar cutar kafin a tsaurara tsafta abin ya sauka sosai. Sai masu sikila da ake ta ƙara wa jini tun suna yara, wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, mu da mutanen Jizan da Ahsa da Ƙaɗif. Gwajin jinin da za a ƙara wa mutum don neman C sai farkon shekarun 1990 aka fara shi a duniya, a wasu asibitocin ƙauye a gida kuwa ya ɗauki lokaci bayan haka kafin ya zama dole, don haka dattijuwar da aka ƙara wa leda biyu wajen haihuwa a 1988 sannan ta zo nan aka yi mata wani aikin, tarihinta biyu ne ba ɗaya ba.

Reza da ƙaho haɗarinsu a karo ɗaya bai kai na allurar jijiya ko ƙarin jini ba, gaskiya kenan, kada a tsorata mutane fiye da kima. Matsalarsu maimaici ne. Ka fito daga Marwa ka gama sa'ayi ƙafa na ciwo, sai ga masu tare hanya suna halaƙ ya hajji halaƙ, su ja ka wani lungu. A shagon da ke da lasisi za kaga ya yage takardar sabuwar reza a gabanka ya saka, madalla, amma kalli abin da ke biyo baya, in ya ɗan yanke ka sai ya ɗauko wani dunƙulen alif da ya sha kawuna tun asuba ya goga maka a wurin, ya share da tawul ɗin da ke rataye a kafaɗarsa. Ranar sallah a Mina kuwa abokai ne zaune a gefen hanya, reza ɗaya tana zagaya kai biyar, kowane kai da ɗan jan layinsa. Ma'aikatar lafiya duk shekara sai tayi gargaɗi akan wanzaman da basu da izini da kuma amfani da reza ɗaya. Ƙwayar nan tana iya rayuwa cikin busasshen jini na makonni, kuma ɗigon da ido baya gani ya isa.

Na taɓa zama ana yi wa wani maƙwabcinmu hijama a gida, wani dattijo ne mai yi, hannunsa da sauƙi kowa na yabonsa. Ya zazzago kofunan roba daga wata leda, sun ɗan dushe saboda wanki. Nace Baba waɗannan sabbi ne kuwa? Yace haba ɗana, da ruwan zafi da Dettol nake wanke su, shekara nawa ina yi ba wanda ya taɓa dawowa yace wani abu ya same shi. Kuma gaskiya ya faɗa, ba wanda zai dawo, don cutar da sai bayan shekara 20 take nuna kanta wa zai tuna da kofin Baba. Kofunan hijama na yarwa suna nan a saidaliyya, wato kantin magani, da arha, mutum ya sayi nasa ya tafi da su da rezarsa, ba raini bane ga mai yi kuma ba a taɓa sunnar ba.

To idan iri biyu suka haɗu me ke faruwa a ciki? Yawanci basa zama daidai wa daida. Ƙwayar hantar da wata ta riga ta shiga tana da wuyar shiga ga ta biyu, don haka sai su rarraba hantar suna gasa, cikin makonni ko watanni ɗaya ta danne ɗaya. Wani lokaci wadda aka danne ta ɓace kwata kwata, wani lokaci kuma ta lafe can ƙasa da ɗan adadi kaɗan. Wannan mai lafewar ita ce abin damuwa, saboda idan aka ba da maganin da ke kashe babbar kaɗai, an share mata fili kenan, bayan an gama magani a gwada a ga cuta na nan amma da wata lamba daban, mara lafiya ya rikice yace ko dai tahlilin farko ƙarya ne, likita kuma sai ya zauna ya tantance shin sabon kamu ne ko tsohuwar ɓoyayya ce ta fito.

Gwajin da ake yi a yawancin asibitoci baya karanta zaren duka, wani ɗan yanki yake dubawa yace wannan dangi kaza ne. Tsohuwar hanyar karanta haruffa in ƙaramar bata kai wajen kashi 20 na abin da ke jinin ba bata ganinta sam. Sabbin injina masu karanta dubban zare ɗaya bayan ɗaya suna iya kamo ko kashi 1 ne, amma suna da tsada kuma ba kowane asibiti ke da su ba. Shi yasa in ka duba alƙaluman haɗuwar iri biyu sai kaga sun sha bamban daga bincike zuwa bincike, ya danganta da wa aka gwada da kuma wane inji aka yi amfani da shi. A wani gefen kuma gwajin kan yi kuskure ya nuna biyu alhali ɗaya ce baƙuwa da bai saba gani ba, kuma irin namu na Afirka sun fi faɗawa wannan.

Akwai ma abin da yafi wannan ban mamaki, idan aka yi dace iri biyu suka shiga ƙwayar hanta ɗaya, mai kwafin nan yana iya farawa da zaren wannan ya tsallaka ya ƙarasa da na waccan, sai a haifi ruwa biyu. A 2002 aka fara tabbatar da haka a birnin Sant Fitasbag na Rasha, gabanta na 2k ne bayanta na 1b, yanzu ta bazu musamman a ƙasar Jojiya. Gwajin da ke duba gaba kawai sai yace dangi na 2 ne, alhali sassan da magani ke kai wa hari suna baya kuma na dangi na 1 ne, haka aka yi ta ba mutane maganin da bai dace ba yana ƙin ci kafin a gane. Abin ba kasafai yake faruwa ba amma shaida ce cewa haɗuwar ba labari bane.

Waɗanda suka ga zamanin intaferon, tsohon maganin cutar, sun san me yasa lambar nan take da nauyi. Allura ce duk mako da ƙwayoyin ribabirin kullum, da zazzaɓi da ciwon jiki da zubewar gashi da baƙin ciki mara dalili. Mai dangi na 2 ko na 3 mako 24 yake yi kuma wajen 8 cikin 10 na warkewa, mai na 1 ko na 4 kuwa mako 48 cur sannan kusan rabi ne ke dacewa. Kaga in mutum yana da dangi na 2 a fili da na 4 a ɓoye aka yanke masa mako 24 an cuce shi ba da niyya ba. Magungunan farko masu kai hari ga ƙwayar kai tsaye da suka fito a 2011 ma dangi na 1 kawai aka yi su domin shi, na masu kuɗi kenan.

A Disamban 2013 Sovaldi ya fito, wato sofosbubir, ƙwaya ɗaya dala 1,000, na mako 12 dala 84,000 a Amurka. Misra ta yi ciniki ta samu a dala 900, daga baya kamfanoninta suka fara yin nasu har haɗin sofosbubir da daklatasbir ya sauko ƙasa da dala 100. Sai Epclusa a 2016 na mako 12 da Maviret a 2017 wanda yawanci mako 8 ne, waɗannan suna aiki akan manyan dangogin duka, kuma a 2018 hukumar lafiya ta duniya tace a yi wa duk babban da ke da cutar magani da irin waɗannan masu cin kowane dangi. Sama da kashi 95 na warkewa. Wannan ya rage matsalar haɗuwar iri biyu sosai, don ko akwai wata a ɓoye maganin zai same ta, har a wurare da yawa an daina ma gwada dangi kafin a fara. Duk mai iri biyu da ke karanta wannan kada hankalinsa ya tashi, yana warkewa kamar kowa in aka zaɓi maganin da ya dace.

Amma fa akwai saura, kuma saurar a kanmu take faɗowa. Magungunan nan an gwada su ne galibi akan 1a da 1b da 2 da 3a da 4a, rassan ƙasashen da ke da kuɗin bincike. A Ruwanda da aka ba mutane haɗin ledifasbir da sofosbubir, wato Harvoni, masu reshen 4r ƙasa da kashi 60 ne suka warke alhali sauran sun haura 90, saboda shi 4r da halittarsa ya zo da canje canje a wani sashen ƙwayar da magani ke kai wa hari mai suna NS5A, waɗanda ke sa maganin baya kama shi da kyau. A Landan ma likitoci sun ga haka a tsakanin 'yan Afirka masu rassan da ba a saba gani ba irin su 1l, wanda ake samu a yankinmu. Mai dangi na 3 da hantarsa ta riga ta ƙandare shima sai an ƙara kula. Don haka ni ina ganin Bahaushen da zai fara magani a nan ya buɗe baki ya gaya wa likita inda aka haife shi da inda aka taɓa ƙara masa jini ko yi masa aiki ko kaciya ko tsaga, kada ya bari a ɗauka ai kowa a nan 4a ne ko 4d. In magani ya ƙi ci a karon farko kuwa ba ƙarshen hanya bane, akwai Vosevi mai haɗin magani uku da aka tanada don irin haka, amma lokacin ya kamata a karanta ƙwayar da kyau a san da wa ake faɗa.

Abin da yafi bani tsoro shine abin da muke yi da kanmu. Wanda bashi da iƙama yana gudun asibiti, sai a aika wani mai zuwa Alƙahira ya sayo kwalba uku, ba tahlili ba komai, ya sha ɗaya yaji garau ya ba matarsa ta biyu ya ajiye ta uku. Ka tuna taron 'yan uwan nan masu ɗan bambanci da ke cikin jini, a cikinsu dama akwai 'yan kaɗan da maganin baya yi wa illa sosai, cikakken magani yana gamawa da su duka amma rabin magani raunanan yake kashewa ya bar masu taurin kai su gaji hantar, kuma taurin da ya shafi NS5A yana daɗewa shekaru a jiki. Ga kuma wanda ke da B tare da C bai sani ba, in aka kashe C sai B ta farka da ƙarfi har ta iya lalata hanta, shi yasa dole a gwada B kafin a fara. Maganin tarin fuka rifamfisin da wasu magungunan farfaɗiya suna karya ƙarfin waɗannan ƙwayoyin, maganin bugun zuciya amiyodaron kuma in ya haɗu da sofosbubir yana iya rage bugun zuciya zuwa matakin haɗari, har maganin gyambon ciki da muke sha kamar gyaɗa yana hana wasunsu narkewa yadda ya kamata.

Rigakafi kuwa babu har yau, akwai na A akwai na B amma babu na C, kuma wannan yawan kamannin nata yana cikin manyan dalilai. Wani rigakafi da aka gwada a Amurka akan masu allurar ƙwaya aka fitar da sakamakonsa a 2021 ya motsa garkuwar jiki amma bai hana cutar zama ba. Wanda aka yi wa allurar B wajen aiki kada ya ɗauka ta rufe masa C.

Sai maganar tahlili, wanda nan ne mutanenmu suka fi shan wahala wajen gwajin aiki da na aure, tunda daga 2008 gwajin kafin aure a nan ya haɗa da B da C da ƙanjamau. Gwajin farko alamar da jiki ya bari yake nema, shaidar cewa ƙwayar ta taɓa shiga, kuma wannan alamar yawanci tana zama har mutuwa ko mutum ya warke tas. Wanda ke nuna ko ƙwayar tana nan yanzu shine PCR. Warkewa kuma ana tabbatar da ita ne in aka yi PCR mako 12 bayan ƙwayar magani ta ƙarshe ba a ga komai ba, wannan takardar a adana ta da kyau tare da wadda ta nuna dangin da aka samu tun farko, don in wata rana PCR ya sake nuna cuta da su za a gane ko tsohuwar ce ta dawo ko sabuwa aka kwaso. Mai wankin ƙoda da mai sikila da ake ƙara wa jini da duk wanda haɗarin bai rabu da shi ba, bayan ya warke gwajin alama bashi da sauran amfani a wajensa, PCR zai riƙa maimaitawa lokaci lokaci. Wanda hantarsa ta riga ta ƙandare kafin ya sha magani kuma zai ci gaba da hoton hanta duk wata 6 ko da ƙwayar ta tafi, saboda haɗarin kansar hanta yana raguwa ne amma baya gushewa.